Malam ya ce a buɗe sashe na 36, ni kuwa ina cikin kashi 4 bisa ɗari: a taimaka min da dabara

Ɗalibar Shari'a:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da matsalar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai ta kai ni bango. Ina aji uku a sashen shari'a, ba na gani, da Victor Reader Stream nake karatu, ƙaramar na'urar da ke karanta littafi da murya, irin ta biyu, wadda yayana ya aiko min. Wata ƙawata ta tura min Kundin Tsarin Mulkin 1999 gaba ɗayansa a fayil ɗin TXT guda ɗaya, na zuba shi a foldar $VRTextFiles. Yana karantuwa lafiya. Amma yau a aji malam ya ce kowa ya buɗe sashe na 36, wanda ya yi magana a kan sauraren shari'a cikin adalci. Ina jin ƙarar takardu ta ko'ina, kafin minti ɗaya kowa ya samu. Ni na danna maɓallan 2 da 8, masu zaɓen matakin tsallake, ina neman matakin babi ko sashe, babu. Sakin layi, layi, jimla, kalma, harafi, iyakar abin da take ba ni ke nan. Na koma danna 6, mai matsawa gaba, a matakin sakin layi, abin ji a kunne ɗaya, ɗaya kunnen yana wajen malam. Har ya gama bayanin sashen ya wuce ban iso ba. Kundin nan sashe 320 gare shi. Shin na'urar ce ba ta iya ba, ko ni ce ban san kanta ba?

Injiniya Mai NVDA:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na'urarki lafiyarta ƙalau, kuma ke ma kin danna abin da ya kamata. Laifin na fayil ɗin ne. TXT tsurar rubutu ne, haruffa ne jere da juna da alamar inda layi ya ƙare, ba wani abu. Babu inda aka rubuta wa na'ura cewa wannan layin kan babi ne, wancan kuma bayani ne. Mai ido yana ganin an rubuta babi na huɗu da manyan baƙaƙe ya gane. Na'ura kuwa duk ɗaya ne a wajenta. Maɓallan 2 da 8 suna nuna miki matakan da ke cikin fayil ɗin ne kawai, abin da ba a saka ba ba za su ƙirƙiro shi ba.

Na yau da gobe dai, kafin a gyara fayil ɗin, abu biyu za su rage miki wahala. Maɓallin da ke saman lamba 1, idan kin yi ta danna shi zai kawo ki kan zuwa kashi bisa ɗari, sannan kan bincike. Sai 5 da ke gaya miki inda kike. Ki zauna rana ɗaya ki gano kashin da kowane babi ya fara, babi takwas ne kacal a kundin, ki haddace su.

Ɗalibar Shari'a:
Na gode Yaya. Binciken na gwada shi. Na rubuta 36, sai ta kai ni jerin sassan da ke farkon kundin, daga nan ta kai ni duk wurin da aka ambaci jihohi 36, da 136, da 236. Ga rubutun kansa da jinkiri, kamar tsohuwar Nokia, sai ka yi ta danna maɓalli ɗaya kafin harafin da kake so ya fito.

Baba Malam:
'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Ni tsohon hannu ne, a Gindiri na koyi rubutun Braille, makarantar da aka buɗe tun 1953, kuma na koyar da yara shekaru masu yawa kafin na ajiye aiki. Bari in faɗa miki abin da na gani.

A zamaninmu da kaset muke karatu. Littafi ɗaya sai ya cinye kaset goma sha. Idan kana neman wuri sai ka yi ta tura kaset gaba kana dawo da shi baya, kana sauraren wannan ƙarar tsit-tsit, batir yana ƙarewa. Abin da ya cece mu shi ne kowa yana da takardarsa ta Braille da ya rubuta da allo da tsinke: kaset na uku, fuska ta biyu, kusa da tsakiya, babi na bakwai. Da hannunka ka yi wa littafi taswira. Yanzu na'urarki tana da wannan a jikinta, maɓallin alama da ke saman lamba 3. Danna biyu ki ajiye alama, kuma tana barin ki ba alamar lambar da kike so. To me zai hana ki je sashe na 36 ki ajiye alama mai lamba 36? Sashe na 42 alama ta 42. Gobe malam ya kira sashe, ki danna maɓallin alama, ki buga lambar, kin isa. Ina ganin ma za ki riga masu takarda.

Kuma wanda ya bi kundi da ƙafarsa yana dasa alamomi, ya karanta shi ke nan. Wannan ribar ba ta cikin fayil ɗin da wani ya shirya maka.

Ɗalibar Shari'a:
Baba wallahi ban taɓa tunanin ba alama lambar sashe ba. Ni dai barinta nake ta ba da lambar da kanta. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai NVDA:
Baba, dabarar tana da kyau ƙwarai, ni ma ina yin ta. Amma a yi min afuwa, ba zan yarda a tsaya a nan ba. Alama 320 fa muke magana, a kundi ɗaya. Tana da dokar shaida, tana da dokar laifuka, tana da takardun lakca na kowane kwas. Lokacin da 'yan ajinsu suke karatu ita tana dasa alama. Sannan ni abin da ya taɓa faruwa da ni: na yi sati biyu ina jera alamomi a wani littafi, sai na ga kuskure a fayil ɗin, na gyara a kwamfuta, na canza masa suna na mayar. Na'ura ta ɗauke shi a matsayin sabon littafi. Ko alama ɗaya ban samu ba. Ranar ban ci abincin dare ba don takaici.

Gyaran na gaskiya a kwamfuta yake, kuma ba shi da wuya. A buɗe rubutun a Word. A je kan layin da yake sunan babi a danna Ctrl da Alt da 1 tare, ya zama kanu na mataki na ɗaya. Sunan sashe kuma Ctrl da Alt da 2. Idan an gama sai a adana shi a matsayin HTML, ko a mayar da shi EPUB, wato tsarin littafin na'ura, da wata manhaja kyauta mai suna WordToEPUB, ta ƙungiyar DAISY mai tsara littattafai don marasa gani. EPUB ɗin a foldar $VRDTB ake zuba shi, ba ta rubutu ba. Daga nan in kin danna 2 za ki ji mataki na ɗaya, mataki na biyu. Danna 6 sau uku daga babi na ɗaya kin shiga babi na huɗu, ki sauko mataki na biyu, sashe na 33, 34, 35, 36. Kuma fayil ɗin zai yi wa duk wanda aka tura wa aiki, alamomin Baba kuwa a na'urar mutum ɗaya suke zaune.

Baba Malam:
Ka faɗi gaskiya a kan rabawa, ɗana. Wannan ban musa ba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya zauna jiran mai kwamfuta, jarrabawa ta zo ta same shi. Da yawa cikin yaranmu ba su da ita.

Mai Buga Takardu:
Salama alaikum. Ni ina gani, ƙanena ne ba ya gani, saboda shi na shigo zauren nan. Shagon buga takardu gare ni kusa da wata makaranta. Maganar Injiniya ta taɓa ni, don shekara da shekaru ina buga wa ƙanena takardu ina ganin na kyauta masa. Kan babi sai in ƙara masa girma, in yi masa kauri, in kawo shi tsakiya, har in ja layi a ƙasa. A allo gwanin sha'awa. Rannan ya zo shago ya zauna kusa da ni, ya sa NVDA, manhajar da ke karanta allon kwamfuta da murya, ya ce in saurara. Yana danna H, harafin da ke tsallakawa daga kanu zuwa kanu, sai muryar ta ce babu kanu na gaba. Takarda mai shafi tamanin, da hannuna na ƙawata ta, amma a kunnensa fili ne fetal babu ko bishiya. Na ce masa me ya sa bai taɓa faɗa min ba. Ya ce yana jin nauyi ne, tunda kyauta nake masa.

Don Allah 'yan'uwa ku riƙa faɗa mana. Yawancin masu buga takardu ba mugunta ba ce, ba a koya mana ba ne. A inda na koyi aiki, ƙawata takarda aka nuna mana don a buga a injin, ba wanda ya ce akwai mai karantawa da kunne. Yanzu duk takardar da ta biyo ta hannuna da kanun gaske nake yin ta, ko ta mai ido ce, kuma bai ƙara min ko minti biyar ba.

Tambayata ga Injiniya: idan malami ya ba da PDF na kwafo rubutun, ƙanena yana cewa muryar tana yanke jimla a tsakiya, tana numfashi inda bai kamata ba. Mene ne wannan?

Injiniya Mai NVDA:
Hajiya Allah ya biya ki. Wannan ciwon sananne ne. Idan aka kwafo daga PDF, kowane layi yana zuwa da alamar ƙarshen sakin layi a bayansa, don haka na'ura tana ganin kowane layi sakin layi ne mai zaman kansa. Shi ya sa muryar ke tsayawa, kuma matakin sakin layi ya zama ba shi da bambanci da matakin layi. Ina zargin kundin ƙanwarmu ma haka yake.

A Word ki danna Ctrl da H. In dai akwai layi fanko tsakanin sakin layi na gaskiya, aikin zagaye uku ne. Da farko ki nemo ^p^p (^p ita ce alamar ƙarshen sakin layi a Word) ki maye gurbinsa da wata alama da ba ta cikin rubutun, kamar ###. Sai ki nemo ^p ki maye shi da tazara ɗaya. Sai ki dawo ki nemo ### ki mayar da shi ^p. Shi ke nan jimloli sun haɗe. Ki duba kanun kawai, wani lokaci sukan manne da jimlar da ke bin su.

Idan kuma PDF ɗin hoton shafi ne aka ɗauka, wannan babu rubutu a cikinsa sam, sai an bi ta manhajar da ke gane haruffa daga hoto, kuma sai mutum ya bi ya gyara kurakurai. Takardun lakcar da aka yi wa kwafin kwafi har suka yi duhu su ne suka fi ba da wuya.

Ɗan Waya:
Ni fa ina ganin muna wahalar da kanmu. Wa yake da kuɗin Victor yanzu, da canjin dala yadda yake? Wayata ta Android da TalkBack mai karanta allon waya da murya, na sa EasyReader ta Dolphin wadda kyauta ce, tana buɗe EPUB da DAISY, ina tsallaka kanu yadda nake so. Bincike kuma da baki nake faɗa ta rubuta. Ku bar yara su yi amfani da abin da ke hannunsu.

Ɗalibar Shari'a:
Ɗan'uwa ina da waya ni ma, kuma ina karatu da ita a ɗaki. A aji ne ba ta yi min. Aji mai mutum sama da ɗari, ba zan ɗaga murya in ce waya ta nemo min sashe ba. Shafa gilashi kuma sai ka fito da ita ka riƙe da hannu biyu. Victor kuwa tana cikin aljihun hijabina, yatsana yana kan 5 mai ɗan tudu, daga nan na san inda kowane maɓalli yake. Ga batun caji: in wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, gara in adana cajin waya don kira da neman abin hawa.

Injiniya Mai NVDA:
Kuma Ɗan Waya ka lura, ka ce tana buɗe EPUB da DAISY kana tsallaka kanu. Saka mata wannan TXT ɗin na ƙanwarmu ka ga ko za ta tsallaka. Matsalar tana bin fayil duk inda ya je.

Ɗan Waya:
Na gwada yanzu da wani littafin TXT da nake da shi. Haka ne, babu jerin kanu. Na karɓa. Amma maganar tsada tana nan.

Ɗan'uwa daga Yamai:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Ni da Orbit Reader 20 nake aiki, na'urar karatu da yatsa mai gurbin Braille ashirin, tana karanta TXT da BRF, wato fayil ɗin Braille, daga katin memori. Abin da kuke faɗa mu ma shi ne, har ya fi, don harafi ashirin kawai kake taɓawa a lokaci ɗaya. Dogon fayil a kanta kamar leƙen kasuwa ne ta kafar ƙofa. Abin da nake yi shi ne yanka littafi, kowane babi fayil ɗinsa, duk a folda ɗaya. Sunayen kuma da 01, 02, 03 nake farawa. Idan ka sa 1, 2, 3 kawai, na'ura za ta iya jera maka 10 da 11 kafin 2, na sha wannan. Jerin fayilolin sai ya zama shi ne jerin babobin.

Ina so in ƙara wani abu da ya shafi Hausa. An turo min rubutu daga Kano, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke sai alamar tambaya. Ƙasa ta zama ?asa. Wanda ya adana fayil ɗin ya zaɓi ANSI, tsarin da bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, kuma in sun lalace a haka ba sa dawowa. A Notepad wajen adanawa a zaɓi UTF-8. Ko da an adana daidai ma, muryar Faransanci ko ta Turanci da ke cikin na'urori takan tsallake su, sai ka ji asa maimakon ƙasa, aya maimakon ɗaya. Don sauraro, ni nakan yi kwafi na biyu in mayar da su k da d da b. Na karatun gaske kuma ina ajiye shi da lanƙwasarsa, don bambancin ƙasa da kasa ba wasa ba ne.

Baba Malam:
Madalla da mutumin Yamai. Yankan littafi kashi-kashi shi ne yadda littafin Braille yake tun asali, juzu'i-juzu'i. Shafin Braille layi 25 ne, kowane layi gurbi 40, shi ya sa ƙaramin littafi yake zama tuli. Amma masu buga shi na ƙwarai suna sa lambar shafin littafin masu ido a kusurwa, ban da lambar shafin Braille. Saboda me? Saboda yaro yana aji ɗaya da masu ido, malami zai kira shafin littafinsa ne. Wannan ladabin nake so masu yin fayil su ɗauka. Hajiya mai shago, in kina buga littafi, duk inda shafi ya ƙare ki rubuta lambar sabon shafin a layinsa shi kaɗai.

Mai Buga Takardu:
In sha Allahu Baba. Da cire su nake yi ma, ina ganin suna dagula karatu.

Injiniya Mai NVDA:
Abin da DAISY ta zo gyarawa ke nan tun kafa ƙungiyar a 1996: kanu har mataki shida, da lambar shafi daidai da ta littafin takarda, ka buga 147 ta kai ka shafi na 147. Amma a TXT ma akwai dabara. Kafin kowace lambar shafi ko sashe a sa wasu haruffa da ba sa haɗuwa a kowace kalma. Ni jwg nake sawa. Na zaɓe su ne don j ita ce ta farko a maɓallin 5, w a 9, g a 4, danna ɗaya-ɗaya ke nan babu jira. Sai ya zama jwg36. In kin nemi wannan ba za ta kai ki jihohi 36 ba, ba za ta kai ki 136 ba. Muryar za ta riƙa furta haruffan, amma kunne yana sabawa.

Mai Kula da Zaure:
Wani ya tambaye ni ta gefe ko gyara littafin wani da raba shi bai saɓa doka ba. Kundin tsarin mulki dai na kowa ne. Sauran littattafai kuma, akwai yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da aka yi don masu lalurar gani su samu littattafai a tsarin da za su iya karantawa. Najeriya ta amince da ita a 2017, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba da damar yin irin wannan kwafi domin su. Sharaɗin zaurenmu yana nan: na masu lalura ne, ba na sayarwa ba ne, kada a fitar da shi waje.

Ɗalibar Shari'a:
Na dawo da labari. Jiya Asabar na je wajen ƙawata mai kwamfuta, muka zauna tun bayan azahar. Layukan a karye suke kamar yadda Yaya Injiniya ya zata, muka haɗe su da zagaye ukun nan. Babi takwas ɗin muka gama sa musu kanu cikin 'yan mintuna. Sassan ne suka ci lokaci, magariba ta same mu a ƙarshen babi na biyar. Muka adana a HTML na zuba a kati. Da na danna 2 na ji ta ce mataki na ɗaya, sai da na sa ƙawata ta saurara ita ma. Na gwada daga farkon kundin zuwa sashe na 36, ban kai daƙiƙa goma ba. Na kuma bi shawarar Baba, sassan da malam ya fi kira na dasa musu alama da lambarsu.

Saura babi na shida zuwa na takwas da jadawalan ƙarshe, kuma ƙawata za ta yi tafiya ranar Talata.

Mai Buga Takardu:
Ki turo min fayil ɗin Word ɗin ta akwatina, ƙanwata. Kasuwa ba ta buɗewa sosai kafin ƙarfe goma, zan ƙarasa miki da safe. Ki gaya min jadawalan a mataki na ɗaya kike son su ko na biyu.

Ɗalibar Shari'a:
Na ɗaya, Anti, kamar babi. Na tura yanzu.

Ɗan'uwa daga Yamai:
Hajiya in kin gama, don Allah a fitar min da kwafin TXT a yanke babi-babi. Akwai ɗalibi a nan da yake nazarin dokokin ƙasashen biyu, a kan Orbit yake karatu.